Ƙafar Baba Direba a Ranar Tashi

Sati uku da yanke wa Baba Direba ƙafa, sai ya fara tambayar inda aka kai ta.

Matarsa, wadda kowa a layin ke kira Mama, ita ta fara jin tambayar. Tana durƙushe a gaban gadon da suka dawo da shi falo, saboda ƙofar ɗakin kwana ta yi wa keken guragu kaɗan. Ta warware bandejin jiya, ta jiƙa auduga a ruwan gishiri, tana goge bakin ɗinkin da ke ƙasan gwiwarsa ta dama. Gwiwoyinta na ciwo, bayanta ya riƙe, ko karyawa ba ta yi ba.

"Ina suka kai ta?" in ji shi.

"Wa?"

"Ƙafar."

Mama ba ta ɗago ba. "Asibiti suka yanke, asibiti suka san inda suka kai. Ɗaga mini cinyar."

Ya ɗaga. Ya zuba wa silin ido, har ta zaci maganar ta wuce. Sai da ta zo ɗaure bakin sabon bandejin ya ce, "Ranar tashin matattu, za a dawo mini da ita?"

"Kana da ɗa fasto. Ka ajiye masa tambayar zuwa Asabar."

Shekara talatin da ɗaya mutumin nan ya yi yana tuƙa bas a cikin birni, daga tasha zuwa tasha, har ya yi ritaya sunan ya bi shi. Ciwon suga ya same shi tun yana aiki. Da gyambo ya fito masa a babban yatsa, sai ya ɓoye shi cikin safa wata biyu cur, har wari ya tona masa asiri. Likita ya duba, ya ce babu abin da ya rage sai a cire daga ƙasan gwiwa. Ita kuwa Mama ɗinkin kayan makaranta take yi tun tana amarya, shekara arba'in da huɗu ke nan. Yanzu kan keken ɗinkin ya zama wurin ajiye magunguna da allurai da kwalin auduga, masu kawo ɗinki kuma sun gaji da jira sun koma wani wurin.

Ranar Alhamis matan coci suka zo dubiya, su biyar. Suka yi waƙa, suka yi addu'a. Shugabar mawaƙa, mace mai kirki amma mai sakin baki, ta zauna a gefen gadon ta ce Yesu ya riga ya ɗauke kowace cuta a kan gicciye, ba zunubi kaɗai ba, har da suga da hawan jini. Ta ce da an riƙe wannan da ƙarfi tun farko, da wuƙar likita ba ta taɓa shi ba. Baba Direba ya juya fuskarsa bango. Mama ta zuba musu shayi, ta raka su har bakin ƙofa, ta gode, ta dawo ta wanke kofuna biyar.

Yara biyu Allah ya bar musu. Babban shi ne Fasto, mai shekara arba'in da biyu, yana riƙe da wata ikilisiya tafiyar awa biyu daga gida. Har uwarsa ma Fasto take ce masa. Ya zo ranar Asabar da lemo da sabon bargo. Da ya ji tambayar sai fuskarsa ta yi haske, kamar wanda aka ba aikin da ya fi iyawa. Ya ja kujera kusa da gadon.

"Baba, wannan ai babu shakka a cikinsa. Da jiki aka sa Ubangiji Yesu a kabari, da jiki ya fito. Matan da suka je da sassafe ba su tarar da gawa ba. Mabiyansa sun taɓa shi, ya ci abinci a gabansu. Yadda ya tashi haka za mu tashi. Ƙafarka za ta dawo, har da faratanta."

"Ita ɗin dai? Ba wata ba?"

"Ita ɗin. Sai dai babu suga, babu gyambo."

Mama tana ninke wanki a gefe, tana jiran ta ga mijinta ya saki rai. Sai ta ga hannunsa ya damƙe bakin bargon.

"To, gicciyen fa?" in ji shi. "Kullum kana cewa an ɗora masa hukuncinmu."

"Duka, Baba. Hukuncin da ya kamata ya faɗo mana, a kansa ya faɗa. Babu sauran abin da za a hukunta ka a kai."

"In duka aka ɗora masa, wannan fa?" Ya nuna inda bargon ya lafe babu komai a ƙarƙashi.

"Wannan ba hukunci ba ne. Wannan suga ne, da taurin kai, da safa."

Fasto ya yi dariya, yana so ubansa ya taya shi. Baba Direba ya ɗan motsa baki kawai. Da rana aka kawo masa abinci, ya yi loma uku ya ture kwanon.

Ƙaramar ita ce Auta, malamar tarihi a makarantar sakandare. Shekararta shida ba ta taka coci ba, amma kullum aka tashi makaranta tana nan gidan, da alli a jikin rigarta. Ita ke taya Mama ɗaga shi zuwa banɗaki, ita ke yi masa allurar yamma. Ranar Lahadi da hantsi, Fasto ya tafi yin wa'azi a cocin unguwar da aka gayyace shi, Baba Direba ya yi mata tambayar ita ma. Mama tana kicin, amma ƙofar a buɗe take.

Auta ta daɗe tana gyara masa matashi kafin ta amsa.

"Baba, ba duk Kirista ne ke karanta abin kamar Yaya ba. Tun zamanin farko ake jayayya a kai. Akwai ma waɗanda suka ce Yesu bai mutu ba, suma ya yi, sanyin kabari ya farfaɗo da shi. Wannan ban yarda da shi ba, sojojin da suka gicciye shi sun san aikinsu. Amma akwai masu bi, har da fastoci, da ke cewa ba tsoka da ƙashi ne suka tashi ba. Mutanen da suka gudu suka bar shi, suka kulle kansu a ɗaki don tsoro, su ne daga baya suka gan shi a raye ta hanyar da ba su iya bayyanawa ba, suka fito fili ba su ƙara jin tsoron kowa ba. Suka ce wannan shi ne tashin. Mu ma in mun tashi, ba da wannan jikin ba ne."

"Wato ƙafar ba za ta dawo ba."

"A wannan fahimtar, ba ka ma buƙatarta."

"Gicciyen kuma fa?"

"Suna cewa Allah bai huce fushinsa a kan ɗansa ba. Wane uba ne zai yi haka? Masu mulki ne suka kashe mutumin da ya tsaya wa marasa gata, Allah kuma ya tsaya tare da shi har ƙarshe. Ba a ɗora wa kowa laifin kowa ba. An nuna mana ƙauna ne, a bi."

Baba Direba ya sauke numfashi mai tsawo. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi, irin wanda rabonsa da shi tun asibiti. Auta ta shigo kicin tana murmushi, ta ce, "Mama, kin gani? Tsoro ne ke damunsa."

Da ya farka bayan awa biyu, ya fi ɗazu muni. Ya ƙi abinci gaba ɗaya. Ya ce tafin ƙafar da babu yana masa ƙaiƙayi, ya yi ta sosa katifa.

Fasto ya dawo ya ji abin da ƙanwarsa ta faɗa. Suka fara a hankali a bakin ƙofar kicin, sannan murya ta hau. Ya ce mutum yana kwance yana neman abin riƙewa, ita ta zo ta zare masa. Ta ce shi ne ya yi masa alkawarin farata, kamar ya leƙa ya gani. Ya ce in kabarin ba fanko ba ne, to duk wa'azinsa na shekara goma sha bakwai iska ne. Ta ce wannan damuwarsa ce, ba ta Baba ba. Ya ce littattafai sun cinye mata bangaskiya. Ta ce ita ce dai ke zubar da fitsarin Baba ranar Litinin zuwa Juma'a. Mama tana tsaye a tsakaninsu da kwanon ruwan wankin ciwo a hannu, babu hanyar wucewa.

"Fasto, karɓi wannan ka zubar a bayan gida, ka ɗauraye. Auta, auduga ta ƙare, je ki kantin magani. In kun dawo da sauran ƙarfi, akwai zannuwan gado a jiƙe."

Suka tafi, kowa fuska a ɗaure. Falon ya yi tsit. Daga kan gado Baba Direba ya ce, "Gobe ki je asibitin ki tambayo mini."

"In bar ka da wa?"

"Maƙwabciya ta leƙo ni. Ki je, don Allah."

A shekara arba'in da huɗu, ba ta tuna sau nawa ya ce mata don Allah ba, amma ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Washegari ta yi masa wanka, ta sa masa ruwa da rediyo kusa, ta fita.

Bas biyu ta shiga, ta biyun a tsaye ta yi tafiyar. A ɗakin da ya yi jinya, nas ɗin da ke bakin aiki ta gane ta, ta tambayi jikin Baba. Da ta ji abin da ya kawo ta, ba ta yi mamaki ba. Ta nuna mata doguwar baranda, ta ce ta bi har ƙarshe, ta wuce ɗakin wanki, za ta ga wani ƙaramin gini mai dogon bututun hayaƙi.

Can ta tarar da wani dattijo cikin rigar leda da safar hannu ta roba har gwiwar hannu, yana jera jajayen jakunkuna a kan amalanke. Ya cire takunkumin fuskarsa, ya kife bokiti ya ce ta zauna. Ta zauna, don ƙafafunta sun gama.

"Wace rana aka yi aikin?" ya tambaya. Ta faɗa masa. Ya ce, "To, washegari da safe ta shiga wuta. Ba ma barin su su kwana biyu. Tokar kuma akwai rami can bayan katanga, ana rufewa da ƙasa. Wanda ke son a ba shi ya binne da kansa, ana ba shi, amma sai ya faɗa kafin aiki."

"Ba mu san da haka ba."

"Yawanci ba a tunanin wannan a lokacin. Sai an koma gida." Ya dube ta. "Ba ke ce ta farko da ta zauna a kan bokitin nan ba, Mama. A wata nakan samu mutum biyu, uku. Wani ya zo neman hannu, wata ta zo neman ɗan da bai zo da rai ba. Ni abin da nake iya ce musu shi ne ba na jefawa, ajiyewa nake yi."

Ta gode masa. Ta so ta tashi nan da nan, amma ta ƙara minti biyar a zaune, tana kallon hayaƙin da ke fita siriri, don babu wanda ke kiran sunanta a wurin.

A hanya ta yi ta saƙa abin da za ta ce. Ta yi niyyar ta ce masa an binne ta da mutunci. Da ta shiga falon ta ga idanunsa a kan ƙofa, sai ta ji ba ta da ƙarfin shirya ƙarya da kuma riƙon ta. Ta cire takalmi, ta zauna a bakin gadon.

"An ƙone ta. Washegarin aikin."

"Ƙurmus?"

"Toka. An rufe a rami."

"Madalla," in ji Baba Direba.

Mama ta juyo ta dube shi sosai. A nan ne ta gane abin da ya kamata ta gane tun sati guda, da gajiya ba ta rufe mata ido ba.

Shekara ashirin da shida da suka wuce, wata safiya ana ruwan sama, bas ɗinsa ta buge wani mai fenti a mararraba. Mutumin yana kan keke, da tsani a kafaɗa da bokitin fenti a rataye. Tayar gaba ta bi ta kan ƙafafunsa, ya cika kafin a kai shi asibiti. Kotu ta ce santsin hanya ne, kuma mai keken ne ya shigo ba a kan ƙa'ida ba, aka sallami direba, bayan wata biyu ya koma bakin aiki. Sau ɗaya tak ya faɗa wa Mama abin da bai faɗa wa kotu ba: a daidai lokacin idonsa yana kan madubi, yana kallon wani fasinja da ke faɗa da kwandasta, ƙafarsa ta makara wajen taka birki da kamar ƙiftawar ido biyu. Fasto yana makarantar kwana a lokacin, Auta tana shekara biyar. An ce musu Baba ya ɗauki hutu. Daga ranar ba a sake tayar da maganar a gidan ba.

"Mai fentin ne," in ji Mama.

Ya gyaɗa kai.

"Da likita ya ce za a yanke, kin ga ban yi gardama ba. A raina na ce, yau dai an zo karɓa. Har na ji sauƙi. Sai ga ɗanki yana cewa za a dawo mini da ita, har da farata. Ni ba na son ta. Shekara ashirin da shida ina sa mata safa ina cire mata."

"Ai Auta ta ce ba za ta dawo ba."

"Shi ya sa na yi barci. Amma da na farka sai na ce, to shi fa? In jiki ba ya tashi, ke nan yana nan yadda na bar shi a kan kwalta, fenti fari ya gauraya da ruwa. Matarsa ta zo kotu da goyo. Ina so ya tashi da ƙafafunsa biyu ya taka, ni kuma a bar ni haka. Amma babu wanda ya ce mini ana yin haka. Fasto ya tashe mu duka, Auta ta kwantar da mu duka."

A waje wani yana gyaran babur, yana ta ba shi wuta yana mutuwa.

"Gicciyen ma haka," ya ci gaba. "In na bi Fasto, an ɗauke mini, babu komai a kaina. To ta yaya? Mutum ya mutu, ni na ci gaba da karɓar fasinja, a ce shi ke nan? In na bi Auta, babu wanda ya ɗauka, yana nan a wuyana, kuma ƙafa ɗaya ba ta kai ran mutum ba. Ke me kika gani?"

Ba a taɓa tambayarta irin wannan ba. A coci tana zama a layi na huɗu, ta yi waƙa in ana yi, ta yi gyangyaɗi in wa'azi ya yi tsawo. Ta murza idanunta da bayan hannu.

"Ni ban yi karatunsu ba. Abin da dai nake ji ana karantawa tun ina yarinya shi ne, da Yesu ya dawo, ramukan ƙusa suna nan a hannunsa. Har ya nuna wa wanda bai yarda ba. Ba a mayar da shi kamar ba a yi masa komai ba. Amma da hannuwan nan ya hura wuta ya gasa musu kifi, wato suna aiki. Na sha tunanin abin in ina wanke maka ciwon nan. Abin da aka yi an yi, yana nan a jiki, amma ya daina kashewa. Iyakar abin da na gane ke nan."

"Wato mai fentin zai tashi da tabon."

"Ban sani ba. In ya tashi da shi, sai ka gane shi a cikin taro, ka je ka ba shi haƙuri. Ai abin da ba ka samu ka yi ba ke nan."

"Da ƙafar zan je ko babu?"

"Wannan kuma ba ni zan ɗinka ba."

Wani sauti ya fito masa ta hanci, tsakanin dariya da kuka. Ya rufe fuska da hannu. Mama ta bar shi ya yi, ba ta rarrashe shi ba, ta dai ɗora hannunta a kan cinyar. Da ya lafa ta ce, "Ka faɗa wa yaran. Suna ta amsa tambayar da ba ka yi ba, suna neman cinye juna. Ni kuma na gaji da tsayawa a tsakani."

Ya ci rabin kwano a ranar. Washegari ya ƙi, jibi ya ci.

Ranar Asabar ya tara su ya faɗa musu, daga ruwan saman har madubin, bai rage komai ba. Fasto ya durƙusa a gaban gadon ya yi addu'a, mafi gajarta da Mama ta taɓa ji daga bakinsa, ya roƙa wa mai fentin da iyalinsa, ya roƙa wa ubansa, bai yi bayanin komai ba. Auta ta shige kicin ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba.

Ba su shirya a kan maganar tashin ba. Da yamma Mama ta ji su a tsakar gida suna shanya, murya ƙasa-ƙasa. Fasto yana cewa yanzu ma ya fi tabbata, domin in jiki bai tashi ba babu wanda zai mayar wa mutumin nan abin da aka ƙwace masa. Auta tana cewa in da tun farko ba a koya wa Baba cewa Allah mai karɓar jini ba ne, da bai ɗauki ciwon suga a matsayin hukunci ba. Kowa ya tsaya a kan nasa. Amma suna riƙe da zanin gado ɗaya, suna matsewa, shi ta wannan baki ita ta wancan.

Auta ta yi ƙoƙarin nemo iyalin mai fentin. Ta je kotun sau uku a lokacin hutun makaranta, aka samo mata takardar shari'ar, da suna da adireshi. Ta je unguwar ta tarar an rushe layin an gina shaguna. Wani tsoho mai gyaran agogo ya ce ya tuna matar, ta koma wajen danginta da jimawa, bai san ina ba. Da ta faɗa wa Baba Direba, sai ya ce ta rubuta masa sunan a takarda da manyan baƙaƙe, don a kotu tsoro bai bar shi ya riƙe ba. Ya ninke ya sa a aljihun rigarsa. Bai sake tambayar kowa zancen ƙafar ba. Ko ya sami amsa ne, ko shi ma gajiya ya yi, Mama ba ta bincika ba.

Bayan wata uku dungun ya warke sosai, kumburin ya sauka, likita ya tura su wurin masu yin ƙafar roba. Ɗaki ne mai tsawo a bayan wani gini, ƙasa duk farin gari, ƙafafu da hannuwa a jere a kan kanta kowanne da lamba a jiki. Mai aikin, wata mata gajera mai fensir a bayan kunne, ta naɗe dungun da farin yadi jiƙaƙƙe, ta danna da yatsu ta jira ya daskare, ta zare shi kamar kofi. Bayan sati biyu suka dawo gwaji. Ta sa masa, ta ɗaure, ta tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu. Ya yi taku huɗu, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce a ba shi kujera.

"Huɗu ya isa na yau," in ji matar. "Talata da Alhamis za ku riƙa zuwa. Mama, ba sai kin tsaya a kansa ba, in kina nan ke yake kallo maimakon gabansa. Akwai benci a waje."

Mama ta fito baranda ta zauna. A ɗaya gefen bencin akwai wata mata da ba ta kai ta shekaru ba, riƙe da jakar leda da rigar namiji a ciki, hannun rigar ɗaya a naɗe an soke da fil. Suka gaisa. Matar ta ce injin niƙa ne ya cinye hannun mijinta, wata biyu ke nan. Mama ta ce suga.

"Naki yana cin abinci?" matar ta tambaya.

"Wata rana ya ci, wata rana ya ƙi."

"Nawa ma haka. Ga tambayoyi, kamar ni na yi shi."

"Za su ragu," in ji Mama. "Ba sa ƙarewa dai."

Matar ta jinjina kai. Ta buɗe jakarta ta fito da ayaba biyu, ta miƙa wa Mama ɗaya. Suka ci a hankali, suka riƙe ɓawon a hannu don babu kwandon shara kusa, suna jiran a kira ɗayarsu.